Numfashin Injinan Baba

Baba yana da injina biyu a rumfarsa ta kusa da Ƙofar Kibo, kuma tun ina ƙarama na san ba ya yarda a zuba ko ƙwayar dawa ɗaya a cikinsu sai ya gama sauraronsu. Ɗaya na niƙan gari ne, shi muke kira Babban. Ɗaya kuma na markaɗe, wake da tattasai da gasara, shi ne Ƙaramin. Dukansu tsofaffin injinan gas ne da suka girme ni, fentinsu ya daɗe da komawa kalar baƙin mai. Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, shi ke juya hannun tayarwa kowace safiya, don tun kafin a haife ni suke aiki tare da Baba. In injinan sun kama, sai Baba ya tsaya a tsakaninsu ya karkatar da kai, masu niƙa kuma su yi ta jira a waje da robobinsu da bokitansu. Komai saurin mutum, sai ya jira Baba ya ɗaga hannu.

Inji ɗaya shi kaɗai ba shi da wani labari, tum-tum-tum ne kawai har ka gaji. Amma in biyun suna tafiya tare, akwai abin da ke fitowa daga tsakaninsu. Bugunsu yakan faɗo wuri ɗaya, ƙarar ta kumbura ta cika rumfar har kwanon rufi ya amsa, sannan a hankali su saɓa, ƙarar ta sirance, can kuma su sake haɗuwa. Wannan hawa da saukar Baba ke kira numfashi. Bai taɓa ɗaura agogo ba, da istigfari yake aunawa. In numfashi ɗaya, daga kumburi zuwa kumburi, ya ɗauki "astagfirullah" uku ba tare da gaggawa ba, to lafiya lau, a zuba hatsi.

Da gangan yake saita Ƙaramin ya ɗan fi Babban sauri, kaɗan ƙwarai. Na taɓa tambayarsa me ya hana ya daidaita su kowa ya huta. Ya ce, "Uwata, in bakinsu ya zo ɗaya, wa zai tona asirin wani?" Uwata yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. To da yake Ƙaramin ne a gaba, in Babban ya ja baya sai tazararsu ta ƙaru, numfashi ya gajarta, istigfari biyu ko ɗaya da rabi. In kuwa Ƙaramin ne ya ja baya, ya matso kusa da ɗan'uwansa ke nan, sai numfashi ya yi tsawo, huɗu, biyar. Da haka yake gane wanda ba shi da lafiya tun ciwon bai kwantar da shi ba, ko ruwa ne ya shiga gas, ko matacin mai ya fara toshewa, ko bel ya yi tsauri. Bakanike yakan yi wata da watanni bai leƙo rumfarmu ba, har yana yi wa Baba ciwon baki.

Ni fiziks na karanta a jami'a. A shekarata ta biyu wani malaminmu, mutum ne da ba ya dariya, ya shigo aji da wasu ƙarafa biyu masu yatsu bibbiyu, irin waɗanda in ka buga suke fitar da sauti ɗaya tsantsa. Ya manna wa ɗaya ɗan cingam don ya rage masa sauri, ya buga su tare, ya ɗaga. Aji ya yi tsit. Sautin ya kumbura, ya sirance, ya sake kumbura. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Malam ya tambaye ni abin da ke ba ni dariya, na ce, "Yi haƙuri Malam, numfashi ne, na san shi tun daga gida." Bai ga abin dariya ba. Ya juya allo ya rubuta mana cewa yawan kumburin a daƙiƙa ɗaya shi ne bambancin saurin da ke tsakanin sautukan biyu, ba ƙari ba ragi. Daga nan ya ce mu buɗe ido, don za mu yi ta cin karo da irin wannan har mu gama karatu, wato wani abu mai tafiyar hawainiya da ya hau bayan wani mai gudun tsiya. Haka gidan rediyo ke ɗora muryar mutum a kan igiyar da ta fi ƙarfin kunne, haka igiyoyin teku ke zuwa ƙungiya-ƙungiya, manya a jere sannan ƙanana, har hasken wasu taurari ma yana hawa yana sauka a hankali.

Ranar ban tsaya ko'ina ba sai rumfa, da takardata a hannu, kaina ya kumbura. Na nuna wa Baba zanen igiyoyi biyu da yadda suke haɗuwa su haifi ta uku mai jan jiki. Ya karɓi takardar da yatsu biyu don kada ya shafa mata gari, ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Madalla. Ashe Turawa ma suna niƙa." Kawu ya yi dariya har sai da ya zauna a kan buhu.

Bayan nan na zama malamar makarantar 'yan mata, na yi aure, na koma unguwar Tukur-Tukur, amma ba na yin mako ban zo gidanmu a unguwar Kwarbai ba. Duk shekara sai na kai wa ɗalibaina ƙarafan nan biyu da cingam, kuma duk shekara sai na ba su labarin Baba, ko sun so ko ba su so ba. A gidanmu an san ni da gardama. Inna, mahaifiyarmu, takan ce ni ko da bango aka haɗa ni sai na ga bayansa. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da ke ba da labarin.

Shekara arba'in da wani abu a tsakanin injina biyu ba ta barin kunne yadda ta same shi. Abin ya zo wa Baba sannu a hankali. Da farko rediyonsa ce ta fara damun maƙwabta. Daga baya sai Inna ta taɓa kafaɗarsa kafin ta yi magana. A masallaci ya koma kallon na gefensa don ya san lokacin ruku'u. Shi bai taɓa cewa komai ba, mu ma muka yi kamar ba mu gani ba, har sai da Yaya ya ɗauko maganar. Yaya shi ne babbanmu, ma'aikaci ne a sakatariya, mutum mai tsari, wanda ko biro ba ya ajiyewa a karkace. Ya tara mu ya ce lokaci ya yi da Baba zai huta, ya bar wa Kawu rumfa. Ya kawo maganar bel da ke gudu a buɗe, da mutanen da ke shige da fice, sannan ya rufe da cewa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Nan na tashi. Na ce wa Yaya ubanmu ba makaho ba ne, kuma ba wasa yake yi a rumfar ba, da ita ya ciyar da mu har muka san hanyar sakatariya. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Na ga abokan Baba biyu da 'ya'yansu suka zaunar don ƙauna, cikin shekara guda suka zama wasu mutane daban, ba sa sanin ko yau wace rana ce. Na san in aka raba Baba da injinan nan, abin da zai rage ba shi da yawa.

Inna ce ta raba mu, aka tsaya a kan a nemi magani tukuna. Yaya ya kai Baba asibiti aka duba kunnen, suka dawo da ɗan abin ƙara ji da ake saƙalawa a bayan kunne. Bai tsaya nan ba. An taɓa yi musu bita a ofis kan kiyaye haɗari a wurin aiki, don haka ya haɗo wa Baba da wani takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa, ya ce ba a aikin inji da silifa. Baba ya sa abin kunnen, ya ɗaura takalmin, ya yi ta sa albarka. Ɗa ya sayo wa ubansa abu, ai ba a cewa a'a. A gida abin kunnen ya yi amfani ƙwarai, har Inna ta ce yanzu dole ta riƙa tauna magana kafin ta yi gulmarsa.

Ba a yi wata guda ba, ana saura kwana goma azumi, Babban ya mutu da rana tsaka. Lokacin kuwa kowane gida na niƙan gero da dawa na kunu, layin robobi ya kai har bakin ganuwa. Aka kira bakanike, ya buɗe, ya ce matacin mai ya toshe ɗam, kuma ba yau ya fara ba, injin ya yi kwanaki yana kuka ba wanda ya kula. Ya faɗi haka a gaban mutane. Baba yana tsaye a wurin. Ga Yaya kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya ce ga shi nan, har da abin kunne Baba bai ji ba, me kuma ake jira? Aka yanke cewa bayan Sallah Baba zai miƙa rumfa. Inna ta gaya mini kwana biyu yana mayar da kwanon tuwonsa da saura.

Abin ya tsaya mini a rai, don lissafin bai fita ba. Shekara biyar Baba yana fama da kunne, inji bai taɓa mutuwa a hannunsa ba, sai yanzu da aka ƙara masa ji? Ranar Asabar na yi sammako na je rumfa tun ba a tayar ba. Na sami Kawu yana zuba gas, na tambaye shi ko akwai abin da ya sauya a aikin Baba.

Kawu ya ce, "To, ban da takalmin nan dai ban ga komai ba. Ai ya daɗe ba ya shiga da takalmi. A bakin ƙofa yake cire silifansa kamar zai shiga masallaci. Ni na ɗauka zafi yake ji."

"Tun yaushe, Kawu?"

"Tun dai da kunnen ya fara."

Sai a lokacin na lura da dirkar ƙarfen da ke tsakiyar rumfa, wadda ta tokare rufin, ƙafarta a binne cikin siminti ɗaya da injinan. Duk jikinta gari ne da tsatsa, amma daidai tsayin ƙirjin mutum akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu da ya goge yana sheƙi. Na ce wa Kawu ya tayar. Da suka kama, na cire takalmina, na ɗora hannu a wurin, na toshe kunne ɗaya da kafaɗa, ɗayan kuma da yatsa. Ga shi nan kuwa. Yana hawowa ta tafin ƙafata, yana shiga ta hannuna, ya cika, ya janye, ya sake cika. Numfashin nan abu ne mai nauyi da jan jiki, ba sai da kunne ba, ƙashi ma yana jin sa. Baba ya daɗe da ƙaura daga kunnensa zuwa ƙafarsa da hannunsa, bai gaya wa kowa ba, wataƙila shi kansa bai san ranar da ya ƙaura ba.

Da Baba ya iso, na gaishe shi, na roƙi aron abin kunnen. Ya dube ni da mamaki, ya ciro ya ba ni. Na goge na sa, saura kaɗan in jefar. Abin an yi shi ne don magana. Yana ɗaga ƙaramin sauti, yana danne babba don kada ya cutar da kunne, to in ka danne kumburi ka ɗaga sirancewa, me ya rage na numfashi? Ba abin da nake ji sai kwaramniyar ƙarafa, shimfiɗe, ba hawa ba sauka. Wato mun toshe wa Baba ƙafa da takalmi, mun cika masa kai da hayaniya, sannan muka taru muka ce ya tsufa. Raina ya ɓaci, har da kaina, don ni da ke koyar da abin nan duk shekara ban hango ba.

Na matsa kusa da kunnensa na ɗaga murya. "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ɗan yi murmushi. "In ce wa yayanki me? Kayan da ka kawo mini sun makantar da ni?"

Ban ko koma gida ba, na wuce wurin Yaya. Na yi masa bayani da zane da komai, ya saurare ni da irin haƙurin da yake sauraron masu kawo ƙorafi ofis. Da na gama ya ce shi bai karanta fiziks ba, gani ya kori ji. Na ce to gobe Lahadi ya zo rumfa da sassafe. Baba zai cire abin kunne da takalmi, ya juya wa injinan baya, Kawu ya taɓa man ɗaya a ɓoye, kaɗan yadda ko mu masu kunne ba za mu gane ba. In Baba ya faɗi wanda aka taɓa, a bar masa rumfarsa. In ya kasa, ni da kaina zan riƙo hannunsa zuwa gida. Yaya ya yarda. Baba ma da aka gaya masa ya yarda, har na ga ya ɗan gyara zaman hularsa.

Safiyar Lahadin an tashi gari ya yi luf, ba rana sosai. Mu huɗu ne a rumfa, ni da Yaya da Kawu da Baba. Baba ya ajiye takalmin a bakin ƙofa, ya sa abin kunnen a aljihu, ya tsaya a jikin dirka yana fuskantar bango, tafinsa a kan wurin nan mai sheƙi, ya rufe ido. Kawu ya tayar da injinan, Baba ya saurara da hannunsa, leɓensa na motsi, ya gyaɗa kai alamar sun daidaita. Yaya ya nuna Babban da haɓa. Kawu ya lallaɓa ya rage masa mai kamar ƙwayar gero. Ni dai ban ji wani sauyi ba sai da na natsu. Ba a yi numfashi uku ba Baba ya ɗaga hannu ya ce da ƙarfi, irin ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa, "Babban ya ja baya." Kawu ya mayar. Aka jira, Yaya ya sake nuna Babban don ya rikita shi. Baba ya ce, "Shi ne dai. Ku bar bawan Allah ya huta." Na kalli Yaya, na san fuskata ba ta ɓoye komai ba. Yaya ya ce a yi na uku a rufe.

Muna cikin shawarar wanda za a taɓa, mu uku mun haɗa kai a gefen Babban, sai Iya mai ƙosai ta shigo. Tsohuwa ce 'yar unguwar, kullum ita ce ta farko a layin markaɗe tun ina goye, ta saba shigowa ba sai an ce mata bismillah ba. Ta yi sallama, ƙarar inji ta cinye. Ta wuce bayan Baba ta sunkuya za ta ajiye bokitin jiƙaƙƙen wakenta kusa da Ƙaramin, gefen mayafinta ya zamo daga kafaɗa ya taɓa bel.

Muryarta ce ta juyo da mu, tana ta kiran Baba. "Malam! Malam!" Bel ya kama mayafin yana naɗe shi a jikin ƙarfen da ke juyawa, yana jan ta ƙasa, ita kuma ta riƙe da hannu biyu tana ja, maimakon ta saki. Baba ne mafi kusa da ita, taku biyu, kuma makashin Ƙaramin yana daidai gwiwar hannunsa. Idonsa a rufe, leɓensa na motsi. Yaya ya tsallake buhuna yana ihu ta saki, Kawu ya zagayo da gudu. A daidai lokacin Baba ya ɗaga hannu, fuskarsa cike da fara'a, ya ce, "Yanzu kam Ƙaramin ne. Kun ɗora masa nauyi."

Yaya ya fizge mayafin daga wuyan Iya ta saman kanta, bel ya haɗiye sauran, Kawu ya kashe injin. Sai da bugun Ƙaramin ya ɗauke daga hannun Baba sannan ya buɗe ido ya juyo, yana shirin karɓar yabo. Ya ga Iya zaune a ƙasa da ɗankwali kawai, wake ya watse ko'ina, mayafinta ya zama tsumma a jikin inji. Na ga fara'ar tana barin fuskarsa kaɗan-kaɗan. Ban taɓa ganin abin da ya fi wannan ciwo ba.

Allah ya tsare, Iya ba ta ji rauni ba sai ɗan gurjewa a tafin hannu. Da ta dawo hayyacinta ma ita ta fara zolaya. Ta ce, "Malam, shekara talatin injinka na kallon mayafina, yau dai ya samu." Na cire nawa na yafa mata, na ja gyalen da ke jakata na rufa. Kawu ya kashe Babban shi ma, ya shiga tsince waken. Unguwar ta yi shiru a lokacin da ba ta saba yin shiru ba, har wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko gas ne ya ƙare.

Muka fito muka zauna a kan bencin masu jira. Baba ya laluba aljihu ya ciro abin kunnen, ya saƙala da kansa. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, kamar kullum. Na fara jero dabaru. Za a sa wa bel raga, maƙeri zai yi ta cikin kwana biyu. Za a ja layi a ƙasa da fenti, kada mai niƙa ya wuce. Za a kafa madubi a bango yadda zai riƙa ganin bayansa. Na ce ai gwajin ya nuna hannunsa bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, uku cikin uku, har na ukun da ba mu shirya ba. Na zaci Yaya zai ce ai ya faɗa, amma kansa na ƙasa.

Baba ya bar ni har na ƙare. Sannan ya ce, "A sa ragar, tana da kyau." Ya juyo ya dube ni. "Uwata, sau nawa ta kira ni?"

Na so in yi ƙarya. Na kalli Yaya ko zai cece ni, bai ɗago ba. Na kalli Iya, ta kawar da kai tana gyara mayafin da na ba ta.

"Sau huɗu, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ni kuma ina can ina murna na kai istigfari biyar."

Duk gardamata ta ƙare a wurin. Lissafina daidai ne, na Yaya ma daidai ne, kuma nawa bai isa ya tare nasa ba. Na ji kunya, na ji tausayin Baba, na kuma ji haushin kaina da na tsayar da shi a gaban mutane ya juya baya ya rufe ido don in ci gardama.

Baba ya tashi ya shiga rumfa. Ya ɗauko hannun tayarwa daga inda Kawu ya jingine shi, ya goge da gefen rigarsa duk da ba abin da ya same shi, ya miƙa wa Kawu da hannu biyu. Kawu ya ƙi karɓa, ya ce ai sai bayan Sallah aka ce. Baba ya ce, "Karɓi. A wanke wa Iya wakenta a markaɗa mata, masu sayen ƙosai na jira." Ya juya ya ba Iya haƙuri, ya ce mayafi yana wuyansa. Ita kuma ta ce wallahi in ya sake maganar mayafi ba za ta ƙara kawo markaɗe ba, tana faɗa tana share ido.

Ni na raka shi gida. Muka bi lunguna zuwa Kwarbai da hantsi, lokacin da rabon Baba da ya taka hanyar nan a irinsa tun ban zo duniya ba. Masu shaguna suna buɗewa, kowa ya gan shi sai ya gaishe shi da mamaki, shi kuma yana amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa daidai inda muryar ta fito. Mun yi nisa kaɗan na ji Kawu ya tayar da Ƙaramin a bayanmu, can kuma Babban ya bi. Na saci kallon Baba. Tafiyarsa kawai yake yi, hannuwa a baya, ban sani ba ko ya ji.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe muka yi sallama. Ta ɗago ta gan shi, ta kalli inuwar katanga don ta tabbatar da lokaci, ta ajiye rariyar.

"Malam, lafiya da hantsi haka?"

Baba ya cire hularsa ya kakkaɓe garin da ke kanta, ya rataye ta a ƙusa.

"Lafiya lau," ya ce. "Na taso ke nan."